Roba-roba ko Boxer: wanne ya dace da mai koyo?

Ɗan Kurna:

Assalamu alaikum yayyena da iyayena. Shawara nake nema. Shekarata 17, na gama sakandare bana, yanzu ina koyon gyaran waya a shagon yayana a Farm Centre. Gidanmu a Kurna yake, kullum sai na hau adaidaita biyu kafin na isa, ga cunkoso, ga kuɗin mota da ya ninka tun da aka cire tallafin mai a 2023. Abin da ake sallamata da shi rabi a hanya yake ƙarewa.

Na ɗan tara wani abu a adashe don in sayi mashin, Baba ya ce zai cika min in dai na hannu ne, don sabo kam ba ma maganarsa. Guda uku ne a gabana. Akwai tsohuwar Jincheng ta maƙwabcinmu, irin mai hayaƙin nan, ita ce mafi araha kuma ya ce in biya sau biyu. Akwai roba-roba Lifan, ƙaramin mashin ɗin nan mai jikin roba, da wani dillali ya nuna min a waya. Sai Boxer, wadda abokaina suka dame ni da ita, wai roba-roba mashin ɗin mata da malaman makaranta ne. Keke na iya sosai, amma mashin sau uku na taɓa tuƙawa, a filin ƙwallo. Don Allah wanne ne ba zai riƙa ajiye ni a hanya ba?

Baban Ummi Bakanike:

Wa alaikumus salam ɗana. Na fi shekara ashirin ina kwance mashin ina ɗaurawa, don haka bari in fara da ta maƙwabcinku: bar masa abarsa. Ba wai mugun inji ba ne, a zamanin acaɓa, kafin a hana a Kano a 2013, ita ce ta riƙe gidaje da yawa. Amma injinta irin wanda yake ƙona baƙin mai tare da fetur ne, shi ya sa take hayaƙi. Tana da tankinta na baƙin mai daban, ranar da ka manta ya ƙare kana tafe, fistin ya kama, shi ke nan. Ga shan mai, ga cin fulogi. Kuma ciniki da maƙwabci a kan tsohon ƙarfe, biya sau biyu, ƙarshensa a daina gaisawa da safe.

Ni roba-roba zan ce ka saya. Injinta 110 ne, ba ta da kulochin hannu, ka sassauta totur ka taka giya kawai. Mai koyo abin da yake kayar da shi a tsakiyar titi shi ne sakin kulochi, mashin ya mutu ko ya yi tsalle, ga Ɗan Sahu a bayanka yana hon. Roba-roba ta ɗauke maka wannan. Ba ta da nauyi, ƙafarka biyu za su taka ƙasa, in ta faɗi kai kaɗai za ka ɗaga ta. Sannan kayanta ko ina akwai. Lifan, Haojue, Jincheng ta roba, kusan duk zubin inji ɗaya ne da aka kwaikwayo daga tsohuwar Honda, kaya da yawa na wannan yana shiga wancan. Ka shiga Ƙofar Ruwa ba abin da za ka nema ka rasa.

Amma sunan da ke jikin tanki ba shi ne magana ba a na hannu, wanda ya riƙe ta ne magana. Kada ka sayi mashin a hoton waya. Ka ce da dillalin da sassafe za ku zo, ka tafi da bakanikenka, ba nasa ba. Kana zuwa ka ɗora hannu a kan inji. In da ɗumi, an riga an tayar an gasa shi don kada ka ji yadda yake tashi da sanyi, ka ce gobe ka dawo. Lafiyayyen inji kik ɗaya ko biyu ya kama. In ya tashi ka tsaya bayan salansa a ja totur: hayaƙi shuɗi-shuɗi na nufin ringi ya tafi, yana shan baƙin mai. Ka zaro ma'aunin man ka murza a yatsa, wasu suna zuba mai kauri kamar zuma don ya rufe ƙarar inji. Ka ɗaga ta a kan babban jak ka girgiza tayar baya hagu da dama, ka duba haƙoran da sarƙa ke hawa, in sun yi tsini kamar na zarto to kuɗin canji yana kanka, a rage a farashi. Roba da ta fashe ko fenti da ya koɗe kada su dame ka. Wadda aka yi wa sabon fenti tana ƙyalli ita nake tsoro.

Sadiq Boxer:

Baba da girmanka, amma ni ban yarda ba. Yaro yanzu yake tasowa, nan da shekara ɗaya roba-roba za ta yi masa kaɗan. Boxer tana shiga rami ta fito, tana ɗaukar buhu, ba ta shan mai, in ka tashi sayarwa ko yau ka kai ta kasuwa an saye. Ni da ita na koya, kwana uku na gane kulochi. Robobin nan kuwa faɗuwa ɗaya sai ka ga ana ɗinke su da waya.

Baban Ummi Bakanike:

Sadiq, ban ce Boxer ba ta da ƙarfi ba, da ƙauye zai riƙa shiga da kaya ita zan ce. Amma daga Kurna zuwa Farm Centre kwalta ce da cunkoso, tsaya-tafi tsaya-tafi. Kuma Boxer ta hannu da kuɗinsa zai kai, yawanci wadda ta gama aikin haya ce a wani gari, an tatse ta tas. Roba-roba kuwa sau da yawa ta ma'aikaci ce, gida zuwa ofis. Wannan saurin sayuwar da ka faɗa, ɓarayi ma sun san da shi.

Na manta abu ɗaya, ɗana: in ka saya kada ka riƙa ɗora ƙafa a kan giya kana tafiya. A roba-roba wannan sandar ita ce take sakin kulochin ciki, danna ta kaɗan-kaɗan yana cinye shi ba ka sani ba. Yaran da suke kawo min gyara rabinsu wannan ce cutarsu.

Maman Haidar:

Duk kun yi ta maganar inji, ba wanda ya tsaya a kan shekarunsa. Ƙanena, lasisin tuƙi a Najeriya sai ka cika 18, na babur kuma shi ne rukunin A. Saura wata nawa? Ka yi amfani da su ka koya a fili da lungunan unguwa, ba a titin Katsina Road da yamma ba.

Ina faɗa ne don na gani a gida. Autanmu ya sayi mashin da duk kuɗin hannunsa, ko na hular kwano bai rage ba, ya ce sai wata mai zuwa. Sati biyu da saye, ya zo shan kwana, akwai yashi a gefen kwalta, ya damƙe birkin gaba. Ba mota ba, ba kowa, shi kaɗai. Ba gudu yake ba ma, amma kansa ne ya fara sauka. Allah ya taƙaita, ɗinki ne a goshi da haƙori ɗaya, sai dai daren da muka yi a asibiti ba na fatan mahaifiyarka ta yi irinsa. Hular kuma mai igiya da ake ɗaurewa a haɓa, ba irin ta masu gini ba. Ka bar silifas, ka sa takalmi rufaffe. Goyon abokai ma ka ce Baba ya hana, ka ɗora masa laifin, ba zai ji haushi ba.

Abu Safwan:

Nawa gajere ne: takardu. Rasit na asali, ka duba lambar inji da ta shasi da idonka su yi daidai da abin da aka rubuta. In ka ga alamar an goge ko an sake bugawa, tashi ka tafi ko kyauta ce. A rubuta takardar ciniki da shaidu, Baba ya sa hannu tunda kai ba ka kai ba, ka ɗauki hoton katin shaidar mai sayarwa. Wani abokina ya yi kwana biyu a hannun hukuma a kan mashin da ya saya da kuɗinsa, ashe na sata ne, dillalin kuma wayarsa a kashe. Ka ware kuɗin lamba da na kwaɗo mai kauri tun yanzu.

Ɗan Kurna:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Baba duka, da ya ji na Anti Maman Haidar sai ya ce ai magana ta ƙare, makulli a hannunsa zai zauna sai na cika 18, saura wata biyar, kafin nan filin makarantar unguwarmu kawai bayan la'asar.

Mun je ganin Lifan ɗin jiya da ƙarfe bakwai na safe da wani bakanike abokin yayana. Baban Ummi, wallahi ina taɓa injin na ji shi da zafi, dillalin ya ce wai wanki ya kai ta. Mun ce za mu dawo, har yanzu bai sake kira ba. Bakaniken ya ce akwai wata Haojue ta wani malamin makaranta da yake yi wa juyen mai, zai tambaye shi ko zai sayar. Robar gefenta ɗaya a ɗinke take da waya, Yaya Sadiq sai ka yi haƙuri. Baban Ummi, tayar bayanta ta ɗan suɗe, in sa a rage a kuɗin ne ko in ce shi ya canza kafin mu biya?