Shawarwari ga mai son zama likitan kunne, hanci da maƙogwaron yara

Da likitocin wannan fanni suka zauna da ɗalibai, abu na farko da suka ce shi ne a shirya wa doguwar tafiya. A Amurka, bayan kammala karatun likita, sai an yi shekara 5 ana koyon tiyatar kunne, hanci da maƙogwaro, sannan a ƙara shekara 1 ko 2 a kan yara kaɗai.

Inda suka fi jan kunne shi ne hanyar numfashi. Maƙogwaron jariri siriri ne ƙwarai, ɗan kumburi kaɗan ya isa ya toshe shi, don haka dole hannu ya saba da aiki cikin natsuwa, kafaɗa da kafaɗa da likitan da ke sa barci. Ɗan batirin agogo da yaro ya haɗiye kan fara ƙona hanyar abinci cikin awa 2. Irin wannan kira ba ya jiran gari ya waye.

Shawarar da ta fi kama hankalina ita ce a koyi lallashi. Yaro ɗan shekara 2 ba zai ce kunnensa na ciwo ba, sai dai ya yi ta jansa yana kuka, uwa ce za ta ba da labari. Suka ce ɗalibi ya yawaita zama a asibitin yara tun kafin ya zaɓi fannin.