Kwana biyu a gida, uku a ofis: ma'aikacin karkara bai cancanta ba ne?

Mai Rahoto: Jama'a, abin ya ishe ni. Kullum sammako, hanya duk ramuka, in isa ofis ba wuta ba sabis, in sa hannu a rajista in zauna. Rahoton da ake biyana dominsa sai da dare nake rubuta shi a gida. A 2020, lokacin kullen korona, daga gida muka yi aikin nan kuma bai tsaya ba. Me zai hana a ba mu kwana biyu a gida? Ko masu ɗumama kujera aka fi so?

Tsohon Akawu: Ɗana, su wa ke ɗumama kujera? Mu da muka yi furfura a kan fayil? Janye kalmar nan.

Malamar Asibiti: Baba, ai bai kama suna ba. Amma ni mai naƙuda ta waya zan karɓi haihuwarta? Mu ko kujerar ba mu samun zama a kai.

Malamin Gona: Hajiya, ku dai kuna inuwa. Mu a kan babur muke yini gona-gona, mu dawo a ce ba a gan mu a ofis ba.

Malamar Asibiti: Inuwar rufin da ke yoyo? Malam, ka taɓa kwana kana ɗinkin rauni da tocila a baki?

Sabon Ɗauka: Ku yi haƙuri. Nicholas Bloom na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa sun gwada wannan tsari a kamfanin Trip.com na China, da ma'aikata sama da 1,600. Mujallar Nature ta buga sakamakon a 2024: masu kwana biyu a gida aikinsu bai ragu ba, masu ajiye aiki kuma sun ragu da kashi ɗaya cikin uku.

Tsohon Akawu: Yaro, kamfani ne a birni, intanet ba ya yankewa. Manomin da ya yi tattaki tun asuba da takardarsa a aljihu, ya tarar da ƙofa a garƙame, wa zai saurare shi? Kuma har yanzu ba a janye kalmar ba.

Mai Rahoto: Baba, wallahi ba da kai nake ba. A yi karɓa-karɓa mana, kada ofis ya zama wayam.

Malamin Gona: Hajiya, ke kuma sau nawa ruwa ya tare ki a bakin rafi?

Malamar Asibiti: Ba zan biye maka ba.

Shugaban Zaure: To, a tsaya nan. Abin da na fahimta, mafi yawanmu sun yarda aikin gwamnati a ofis ake yin sa, kamar yadda nake faɗa wa na ƙarƙashina kullum. Binciken China bai shafe mu ba. Mai Rahoto, ka ba Baba haƙuri kafin in sake buɗe zauren.