Doguwar tafiya a Japan: ina za a zauna, me kuma za a ci?

Mai Shirin Tafiya ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Allah ya nufe ni da samun dogon hutu, don haka ni da maiɗakina muna shirin zuwa Japan a watan Nuwamba, kuma za mu yi kusan wata guda. Tsarin da na yi shi ne mu sauka a Tokyo, mu wuce Kyoto da Osaka da Hiroshima, sa'an nan mu haura arewa zuwa Hokkaido, muna amfani da tikitin jirgin ƙasa na baƙi da ake kira Japan Rail Pass. Shin wannan tsari zai yi, ko na ɗauko da yawa? Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa shi ne abinci, domin ba na so mu je har can mu ƙare da burodi da ayaba a ɗaki, amma an ce mini naman alade da giya suna shiga girkinsu sosai. Wanda ya sani ya taimaka.

Tsohon Ɗalibin Osaka ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kai ku lafiya. Shawarata ita ce ku cire Hokkaido, domin sanyi ya riga ya sauka can a Nuwamba, kuma nisansa zai cinye muku kwanakin da ya fi kyau ku kashe a yankin Kansai, inda Osaka da Kyoto suke. Ku kama masauki biyu kawai, ɗaya a Tokyo, ɗaya a Osaka ko Kyoto, ku riƙa fita da safe kuna dawowa da dare. Daga Osaka, Nara da Kobe da Kyoto duk ba su kai tafiyar awa guda ba, Himeji mai farar fadar nan ma ba ta da nisa.

Game da tikitin, ku yi lissafi kafin ku saya. A watan Oktoba na 2023 aka ƙara masa kuɗi, na kwana 7 ya koma yen 50,000, na kwana 21 kuma yen 100,000, alhali zuwa Kyoto daga Tokyo a jirgin ƙasa mai gudu na Shinkansen bai wuce kimanin yen 14,000 ba. Ga shi kuma tikitin bai haɗa da jirgin Nozomi wanda ya fi sauri ba, sai an biya ƙari. Wanda zai zauna wuri ɗaya yana kewaya maƙwabta, katin Suica ko ICOCA da ake zuba wa kuɗi ya wadatar da shi. Idan za ku tashi daga Tokyo, ku nemi kujerar taga ta hannun dama, domin daga nan ake hango dutsen Fuji, kuma a wannan lokaci na shekara sararin sama kan yi garau. Hawansa dai ba zai yiwu ba, an rufe tun farkon Satumba.

Ku kuma sani cewa rana tana faɗuwa tun kafin ƙarfe biyar, yawancin wuraren bauta na tarihi suna rufe ƙofa a daidai wannan lokaci, kuma rabin Nuwamba na ƙarshe shi ne lokacin da ganyayen itatuwan Kyoto suke rinewa ja, jama'a su cika gari maƙil. Fushimi Inari, wurin bauta a Kyoto mai dubban jajayen ƙofofi, ba a rufe shi, ba a biyan ko sisi, saboda haka ku tafi da zarar kun idar da Asuba.

Uwargida a Nagoya ta amsa:

Sannu da shiri, Malam, a gaida amarya. Zan tsaya kan abinci ne, tun da shi nake fama da shi kullum. Naman da ido yake gani ba shi ne matsala ba, wannan kowa zai iya kauce masa. Matsalar tana cikin romo da kayan ɗanɗano. Taliyar ramen, alal misali, sau da yawa da ƙashin alade ake dafa romonta, ko da kaza aka ɗora a kai, musamman irin ta Fukuoka mai farin romo. Okonomiyaki na Osaka da Hiroshima, wato ƙullin fulawa da kabeji da ake toyawa a kan faifan ƙarfe a gabanka, da yankan alade aka saba yin sa, kuma ko ka ce a sa maka na kifi, a kan faifan ɗaya ake toyawa. Sai kuma mirin, wata giyar shinkafa mai zaƙi da ake zubawa a kusan kowace miya mai duhu da ɗan ƙyalli, har da ruwan da ake tsoma taliyar soba a ciki. Hukuncin wadda aka dafa, wannan sai ku tambayi malaminku kafin ku taso, ku zo da matsaya ɗaya don kada ku riƙa gardama a gaban mai abinci.

Duk da haka ba na goyon bayan baƙo ya tsare kansa a gidajen abincin Indiyawa da Turkawa har ya koma, domin ƙasa ce ta kifi, kuma mafi daɗin girkinsu shi ne wanda ba a cika masa haɗi ba. Ku nemi kifin da aka gasa da gishiri kawai, a kawo shi fatarsa ta yi ƙumburi tana ƙyalli, da gurzajjen farin radish, wata saiwa mai kama da karas, a gefe da kwanon shinkafa mai tururi. Ku ci tempura, wato jatan lande da kabewa da aka tsoma a ƙullin fulawa aka soya, ku ce a ba ku gishiri maimakon miyar. Ɗanyen kifi kuwa, ku daure ku gwada shi a inda yake sabo. Babbar kasuwar kifi ta Tokyo ta tashi daga Tsukiji zuwa Toyosu a 2018, amma rumfunan abinci na wajen tsohuwar kasuwar suna nan, sai dai yawancinsu suna tashi da azahar. A kantunan da ba a rufewa akwai dunƙulen shinkafa da aka naɗe da ganyen teku, ku juya bayan takardar ku duba, idan kuka ga 豚 alade ne, 酒 kuma giya.

Ramen da yankan naman sa na halal suna samuwa a unguwar Asakusa ta Tokyo da Kyoto da Osaka, kuma idan kuka je Juma'a a masallacin Tokyo Camii da ke Yoyogi-Uehara, akwai kantin kayan halal a harabar. Masallacin Kobe, wanda aka gina a 1935 ya kuma tsira daga yaƙi da girgizar ƙasar 1995, shi ma yana da irin waɗannan kantuna a kusa. Abu ɗaya da za ku kiyaye a teburi: kada a soke tsinken cin abinci a tsaye cikin shinkafa, domin haka ake yi wa mamaci. Kuma ba a barin tukuici, mai abincin zai biyo ku da kuɗin har titi.

Injiniya Mai Yawo ya amsa:

Ni na ɗan saɓa da Malam na Osaka kan masauki biyu kawai. Wanda zai yi wata guda bai kamata ya rasa kwana ɗaya a Koyasan ba, garin gidajen ibadar Buda da wani malamin addinin mai suna Kukai ya kafa a kan dutse a shekarar 816. Suna karɓar baƙi, ana kwana a kan tabarmar tatami, abincinsu kuwa babu nama babu kifi, sai tofu na riɗi mai kama da awara da ganyaye, ko da yake shi ma a tambaya game da mirin. Halartar addu'arsu ta safe ba dole ba ce. Hiroshima ma ta fi ƙarfin a je a dawo, domin wanda ya fito daga gidan tarihin bam na 6 ga Agusta 1945 ba zai so a ce masa ya ruga tasha ba, ga kuma tsibirin Miyajima a kusa. Manyan akwatuna ba za su hana ku ba, a otal ake miƙa su ga kamfanin jigila, yawanci washegari su riga ku isa masauki na gaba.

Mai Shirin Tafiya ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mun cire Hokkaido, mun sa Koyasan. Hajiya, maiɗakina tana tambaya game da wuraren wankan ruwan zafi da ake ta yabo, shin akwai yadda za a shiga cikin sutura?

Uwargida a Nagoya ta amsa:

A na gama-gari ba a shiga da tufafi, ko da yake maza daban mata daban. Ku nemi masaukin gargajiya a Hakone ko Arima kusa da Kobe wanda yake da wurin wanka na iyali da ake kamawa na ɗan lokaci, ko ɗakin da yake da nasa a ciki, kuma ku kama tun yanzu, domin a Nuwamba irin waɗannan ɗakuna ne suke fara ƙarewa.