Sunan fayil ko taken takarda: wanne manhajarku ke nunawa a sama?

Mai haɗa takardun kwangila:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina son jin ko akwai wanda ya taɓa cin karo da abin da ya same ni makon jiya. Kowace takarda da ke hannuna sai ta sha gyara sau uku ko huɗu kafin a sa mata hannu, don haka ni da kaina nake raɗa wa fayilolin suna, kowanne da kwanan watansa: daftarin farko, gyara na biyu, na ƙarshe. Ranar Laraba na buɗe PDF huɗu a jere don in kwatanta su. Ina ɗaga ido sai na ga abu ɗaya ne rubuce a saman dukkansu: "Yarjejeniyar Kawo Kaya". Sunayen da na ɓata lokaci na rubuta babu ko ɗaya. Ina cikin danna wannan in koma wancan maigidana ya kira, na karanta masa adadin kuɗi daga tsohon daftari. Allah Ya taimake ni na lura kafin ya ajiye waya, amma har yanzu abin yana tsaya mini a rai. Daga ina manhajar ta samo wannan suna, kuma me ya sa ta fifita shi a kan wanda na ba fayilin?

Ɗalibar digiri na biyu:
Wa alaikumus salam. Yaya, ni kuwa akasin naka ne. Maƙalun da nake saukewa yawancinsu sunansu lambobi ne zalla, wasu kuma haruffa barkatai da ba a iya ko furtawa. Idan ina rubuta babin bitar ayyukan magabata nakan buɗe goma sha biyu a lokaci guda. In lambobin ne a sama, sai na leƙa kowanne kafin in san na waye. Ranar da na fara ganin ainihin taken maƙala a sama ji na yi kamar an sauke mini kaya. Ni dai take nake so.

Mai gyaran kwamfuta:
Ku biyun duk kuna da gaskiya, domin fayil ɗin PDF suna biyu gare shi. Na farko shi ne wanda kake gani a folda, wanda kake iya canzawa duk sanda ka ga dama. Na biyu, wato take, yana cikin cikin fayilin, tare da sunan marubuci da ranar da aka ƙirƙire shi da manhajar da ta haifar da shi. Ko sau ɗari ka canza sunan waje, na ciki ba ya motsi. Kamar ambulan ne da wasiƙa: ka goge abin da ke bayan ambulan ka rubuta wani, kan wasiƙar yana nan yadda yake.

Akwai kuma wata 'yar alama a cikin fayilin da ake kira DisplayDocTitle, wadda ta shigo tun sigar PDF ta 1.4. Idan wanda ya yi fayilin ya kunna ta, yana cewa ne a nuna take a saman taga. Idan bai taɓa ta ba, a kashe take, ma'ana sunan fayil. Adobe Acrobat yana duba wannan alama. Amma ba kowace manhaja ce ke bin ta ba. Chrome, in ya tarar da take a ciki, shi yake ɗorawa a saman shafi. Firefox yakan haɗa biyun, take a gaba sannan sunan fayil a bayansa, sai dai in shafuka sun yi yawa wurin ya matse, na bayan ne ke ɓacewa. Okular kuwa, wata manhajar buɗe PDF, ya bar maka zaɓi a saitinsa: ko take, ko sunan fayil, ko ma cikakkiyar hanyar folda. Shi ya sa fayil ɗaya zai nuna maka wani abu a kwamfutarka, ya nuna wa abokin aikinka wani.

Malam mai kwangila, buɗe fayilin a Acrobat ka danna Ctrl da D. Za ka ga gurbin take a shafin farko na tagar da za ta fito. Ina kyautata zaton duk huɗun daga takarda ɗaya aka fitar da su, shi ya sa suka gaji take ɗaya.

Sakatariya:
Wannan gadon take shi ne ya taɓa sa ni jin kunyar da ban manta ba. Mun saba idan za a rubuta sabuwar wasiƙar tayin farashi sai a ɗauko tsohuwa a share abin da ke ciki a zuba sabo. Haka na yi. Na duba takardar layi-layi har sau biyu, na mayar da ita PDF, na ba ta suna mai kyau, na tura ta imel. Bayan awa ɗaya mutumin ya turo mini hoton allonsa, ya zagaye saman shafin da jan layi. Sunan wani kamfani ne daban, wanda muka yi wa tayi shekara biyu da suka wuce, kuma abokin gasarsu ne. Tambayarsa ɗaya ce: "Hajiya, wannan takardar tamu ce kuwa?" A wajena sunan fayil manhajar ke nunawa, ban taɓa ganin wancan rubutun ba, ban ma san yana nan ba. Sai da na kira shi na yi bayani, na sake tura wata. Tun daga ranar, kafin in fitar da PDF daga Word sai na shiga File, sannan Info, na duba gurbin take a gefen dama. Na kuma zauna rana guda na bi duk tsofaffin takardun da muke kwafa na share na kowacce.

Malamin makaranta:
Hajiya, sannu. Ni abin da na fi gani a ayyukan ɗalibai shi ne "Microsoft Word - Document1" ko "PowerPoint Presentation". Talatin za su turo, ashirin haka saman yake. Ba laifinsu ba ne, babu wanda ya taɓa nuna musu wurin. Yanzu ina koyar da shi a darasin farko.

Ma'aikaci mai larurar gani:
Ina roƙon ku saurari ɓangarenmu kafin kowa ya je ya share take daga fayilolinsa. Ni ba na ganin allo, da NVDA nake aiki, ita ke karanta mini komai. Idan ina tsalle tsakanin tagogi da Alt da Tab, abin da ke saman kowace taga shi nake ji, da shi nake sanin inda nake. In na rikice sai in danna Insert da T ta maimaita mini. To ku ɗauka kun buɗe takarda biyar, kowacce murya tana karanto muku haruffa da lambobi ɗaya bayan ɗaya, har da layin ƙasa da ɗigo, kusan daƙiƙa goma kafin ta gama suna ɗaya. Mai ido kallo ɗaya zai yi wa shafin ya gane takardar albashi ce ko ta taro. Ni sai na shiga ciki na saurari layukan farko, in ba ita ba ce in fita in gwada ta gaba. A rana haka na iya faruwa sau hamsin.

Saboda mu ne ƙa'idar PDF/UA, ta sauƙaƙa wa masu larura karanta PDF, wadda ta fito a 2012, ta wajabta a sa take kuma a kunna alamar da mai gyaran kwamfuta ya ambata. Ƙa'idojin WCAG ma, na sauƙaƙa wa masu larura amfani da shafukan intanet, sun nemi kowane shafi ya kasance da take mai bayyana abin da ke cikinsa. Abin da Hajiya ta gamu da shi matsalar take mara kyau ce, maganinta a gyara shi. Idan aka share aka bar wurin fayau, ku kun huta, mu kuma an mayar da mu baya.

Sakatariya:
Wallahi Malam ban taɓa tunanin wannan ba. Sharewa kawai na yi, ban rubuta komai a madadinsa ba. Gobe in sha Allahu zan koma in cike su.

Mai kula da ma'ajiyar takardu:
Bari in ƙara nawa. Mu takardun da muke ɗauka da na'urar sikan ba su zuwa da take ko kaɗan, ko kuma na'urar ta cusa nata lambobin. Dubbai ne, ba mai iya buɗe su ɗaya-ɗaya. Da wata manhaja mai suna exiftool nake rubuta musu take a dunƙule, in kuma ina son ganin abin da ke ciki sai in yi amfani da wata mai suna pdfinfo. Tsarin da muka tsaya a kai shi ne sunan fayil ya ɗauki lambar rajista da shekara, don mu masu nema a folda, take kuma ya ɗauki bayanin da ɗan Adam zai karanta ya fahimta. Abu ɗaya da zan ja kunne a kai: takardar da aka sa wa hannu na lantarki kada a taɓa bayananta na ciki, domin duk canji bayan sa hannu manhaja za ta nuna an taɓa fayilin. A gyara take tun kafin a sa hannu.

Ɗalibar digiri na biyu:
Masu rubutu da manhajar tsara rubutu ta LaTeX, akwai umarnin pdftitle da pdfdisplaydoctitle a cikin kunshinta na hyperref, layi biyu ne kawai. A manhajar ofis ta LibreOffice ma akwai akwatin nuna take a tagar fitar da PDF.

Mai haɗa takardun kwangila:
Na gode ƙwarai, kowa da kowa. Na danna Ctrl da D kamar yadda aka ce, kuma haka ne, duk huɗun take ɗaya gare su, alamar ma a kunne take. Da farko niyyata in kashe ta a duk fayilolinmu, amma bayan na karanta bayanin Malam mai larurar gani na fasa, don akwai mutum biyu masu raunin gani a cikin waɗanda nake tura wa takardu, kuma ban taɓa tambayarsu yadda suke fama ba. Abin da na yi shi ne na bar alamar a kunne, na ƙara lambar gyara da kwanan wata a cikin taken kansa, a farko, don ko shafi ya matse a gan su. A tawa kwamfutar kuma na tarar Acrobat yana da zaɓi a saitin takardu da ke sa a riƙa nuna sunan fayil koyaushe, na kunna shi don aikin kwatantawa. Saura waya: jiya na buɗe fayil ɗaya a manhajoji biyu, ɗaya ta nuna take, ɗaya ta nuna suna. Wa ya gwada nasa ya faɗa mana me ya gani?