Neman shawara: ajiye hotunan iyali a gida

Abban Khalifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Gigabait 15 ɗin da Google ke bayarwa kyauta ta cika min, hotunan biki da na suna ne suka cinye ta. Ina so in haɗa ƙaramar saba a gida wadda wayata da ta uwargida za su riƙa tura hotuna kanta. Raspberry Pi, ƙaramar kwamfutar nan mai girman tafin hannu, zan saya ko kuwa?

Ɗan Kurna: Wa alaikumus salam. Pi 4 da Nextcloud, manhajar ajiye fayiloli a sabarka, ka gama.

Injiniya: Abban Khalifa, kafin ka fitar da kuɗi bari in ba ka labarin Pi a garin da ake ɗauke wuta babu sallama. Na ɗora Nextcloud a kan Pi 4, tsarin gaba ɗaya yana kan katin memori. Ya yi watanni yana aiki lafiya lau. Wata rana aka ɗauke wuta yana tsaka da rubutu, da aka dawo da ita sai jar fitilar nan kawai ke ci, koriyar ko ƙyaftawa ba ta yi. Na zare katin na sa a wata kwamfuta, ta ce ba ta gane shi ba. Hotunan kansu suna kan faifan waje, amma rumbun bayanan ya tafi, da asusun kowa na gidan da dukan saitin. Katin memori ba a yi shi don rubutu dare da rana ba, balle a riƙa katse masa wuta.

Shawarata, nemi tsohuwar laftof, ko da allonta ya fashe. Batirinta shi zai riƙe ta kafin inbata ko janareta ya karɓa. Sa mata faifan SSD, ɗora tsarin Linux na Debian ko Ubuntu Server, sannan Docker, wanda ake gudanar da manhajojin saba a cikinsa. Ka tuna ka shiga fayil ɗin saiti na logind.conf ka mayar da HandleLidSwitch zuwa ignore, in ba haka ba kana rufe murfin za ta yi barci. Kuma tunda hotuna ne damuwarka, manhajar Immich ta fi Nextcloud dacewa. Immich yana kwashe hotuna daga waya da kansa, yana gane fuskoki ya ware maka hotunan kowane yaro. Sai dai yana cin RAM, ka samu mai gigabait 8.

Maman Ilham: Immich ɗin nan wallahi ya yi. Ko Hajiyarmu tana buɗe shi a wayarta ba tare da an nuna mata sau biyu ba.

Ɗan Kurna: Injiniya, ai Pi 4 tana iya tashi daga SSD ta USB. Laifin kati ne, kada ka ɗora wa Pi.

Injiniya: Haka ne. To ka haɗa kuɗin Pi da caja da akwati da SSD da abin riƙe wuta, ka je kasuwar Farm Centre ka tambayi kuɗin tsohuwar laftof ThinkPad, sai mu yi magana.

Malam Na'ibi: A kula da batiri dai. Laftof ɗin da ke jone da caji kullum, ga zafin Afrilu, batirin kan kumbura. In ThinkPad ce, manhajar TLP na iya tsayar da cajin a kashi 80. A riƙa hure mata ƙura lokacin hunturu kuma.

Sarkin Rauta: Ku sa Pi-hole, manhajar toshe talla.

Maman Ilham: Yallaɓai, ko zazzaɓi aka ce maka ana yi, Pi-hole za ka rubuta 😂

Sarkin Rauta: Yana rage talla, talla kuwa data take sha. Gaskiya ɗaya ce.

Abban Khalifa: Na gode ƙwarai. In na yi tafiya fa, yaya zan shiga daga waje? Rauta mai sim nake amfani da ita.

Injiniya: Nan ne mutane ke wahala. Layukan waya galibi suna bayan CGNAT, wato kai da jama'a da yawa kuna raba adireshin IP ɗaya, don haka ko ka buɗe ƙofa a rauta babu mai iso ka. Haka Starlink ma yake a tsarin gida. Sa Tailscale a sabar da wayoyin, zai haɗa su ta keɓantacciyar hanya, an gina shi a kan fasahar VPN ta WireGuard, ba ka buɗe wa duniya komai ba.

Ɗan Damagaram: Ana cewa a gudu daga kamfanoni, an kuma koma hannun kamfani. Sabar da ke haɗa na'urorin Tailscale ba buɗaɗɗiyar manhaja ba ce, a hannun kamfanin take. Headscale ake sawa, madadinta da kai za ka riƙe da kanka.

Ɗan Kurna: Headscale ɗin a ina zai zauna? Sai ya kama hayar VPS, wato saba a intanet, da dala kuma. Mutumin da ke gudun biyan wata-wata!

Ɗan Damagaram: Ni dai maganar aƙida nake.

Malam Na'ibi: Duk kun bar babban abu. Faifai ɗaya a gida ɗaya ba ajiya ba ce. Ɓarawo, gobara, ko yaro da kofin kunu. Abban Khalifa, ka sayi faifai na biyu, ka riƙa kwafe komai duk ƙarshen wata kana kai shi gidan ɗan'uwanka. Kada ka goge na Google sai ka gwada dawo da hotuna daga kwafin ka ga sun buɗe.

Maman Ilham: Wannan ita ce magana, Malam.

Sarkin Rauta: Af, akwai wanda ya taɓa ɗora manhajar OpenWrt a kan rauta Archer C7? In akwai, wanne zubin rautar ne nasa?