Na zauna rubuta maƙala, hannu ya tsaya

Malamin Firamare:
Jama'a, tun da aka cire tallafin mai a 2023 nake muhawara a Facebook, layi bibbiyu. Jiya na ɗauko littafi zan rubuta doguwar maƙala, sai na maƙale a tambaya ɗaya: wa ya fi cin moriyar tallafin, mai mota ko talaka? Haka rubutu yake yi wa kowa?

Hajiyar Zariya:
Haka yake, Malam. A Facebook kana iya ihu ka wuce. Takarda kuwa sai ka kawo dalili. Fara da yadda ake shigo da man daga waje da dala, sauran za su biyo.

Ɗan Kwari:
Yallaɓai, wa zai karanta? Kowa yana TikTok.

Hajiyar Zariya:
Kai ɗan nan, kansa yake rubuta wa tukuna.