Ka'idar Einstein: dangantaka ce ko danganta?

Malamai 'yan uwa, kalma ɗaya ta hana ni sakat, ina neman a taya ni. Ina koyar da fiziks a wata sakandare a Kubwa, kuma bayan an tashi nakan zauna da 'yan aji uku in maimaita musu darasi da Hausa. Bana na kawo musu ka'idar da Albert Einstein ya fitar a 1905, lokacin yana ma'aikaci a ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire a birnin Bern na Suwizalan. Sunan da na fi gani a rubuce shi ne "ka'idar dangantaka". Makon jiya wata ɗaliba ta tambaye ni, da gaske take, wane ne ɗan uwan wa a cikin lissafin. Gaskiyarta. Da na kawo maganar nan gabanku, wani Malam ya ba da shawarar "nisbiyya", wata Malama daga Jos kuma "gwargwado". Bahaushe in ya ji dangantaka, jini da auratayya yake ji.

Ga abin da nake so sunan ya ɗauka. Kana cikin jirgin ƙasa daga Kubwa zuwa Rigasa, ka jefa wa na gabanka lemo. A wurinka lemon a hankali ya tafi. Wanda ke tsaye a bakin titin jirgin kuwa zai ce gudun lemon ya haɗa da na jirgin. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinku, kowa daga mazauninsa ya auna. Wannan tun zamanin masanin kimiyya Galileo aka san shi. To, kunna tocila a cikin jirgin nan. Kai da na bakin titi, lamba ɗaya za ku samu: mita 299,792,458 a daƙiƙa, in dai a sararin da babu komai ne. Gudun jirgin bai ƙara wa hasken ko taƙi ba. Masana kimiyya Michelson da Morley sun nemi irin wannan bambanci a Amurka a 1887 ta amfani da tafiyar duniya kanta, ba su same shi ba. Tunda gudun haske ya ƙi canzawa, dole lokaci da tsawo su ne za su canza tsakanin masu aunawa biyu. A nan ne aji yakan yi tsit.

Allah ya gafarta Malam da ya kawo "nisbiyya" daga Larabci, na gode ƙwarai, kuma ma'anar ta dace. Sai dai na gwada ta jiya. Waɗanda suka yi nisa a Islamiyya sun kama, sauran kuwa "nisa" suka ji, suka ɗauka maganar tazarar taurari ake yi. Ajina kuma akwai yaran da Hausar kasuwa kawai suke ji.

Malama daga Jos, "gwargwado" ɗinki ya ja ni sosai, har na kwana da shi. Gwargwadon gudunka, gwargwadon jinkirin agogonka: yana da daɗin faɗi. Abin da ya sa na sake shi, yaro zai zaci in an ninka gudu an ninka jinkirin, alhali ba haka lissafin yake ba. A gudun mota ko jirgin sama bambancin bai kai a lura da shi ba sai da agogon atom. Sai abu ya kai kusan kashi 87 cikin 100 na gudun haske kafin wanda ke tsaye ya ga agogon abin yana tafiya da rabin saurin nasa agogon, daga nan kuma abin ya haura da ƙarfi.

Don haka ni na tsaya a kan "ka'idar danganta". Daga bakinmu ta fito: ka tambayi direba a tasha awa nawa ne zuwa Jos, ya ce maka ya danganta da hanya. Minti nawa suka wuce? Ya danganta da wanda ya auna da yadda yake tafiya. Haɗarinta ɗaya na sani, yaro ya fita yana cewa Einstein ya ce komai ya danganta. Shi ya sa nake fara rubuta lambar gudun haske a saman allo, ba na goge ta har a tashi.

Sai rabin sunan, wanda zai bambanta ka'idar 1905 da ta biyu da Einstein ya fitar a 1915. Kada mu ce wa ta farkon "ta musamman", don kunne zai ji kamar ta fi daraja ne. Ta 1905 ta taƙaita ne ga tafiya miƙaƙƙiya wadda gudunta ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, ta 1915 ce ta shigo da ƙarfin jan da duniya da rana ke yi. Sai mu ce taƙaitacciyar ka'idar danganta da gamammiyar ka'idar danganta. Wayar da ke aljihun yara ma shaida ce a kan duka biyun: gudun taurarin ɗan Adam na GPS yana jinkirta agogonsu da kusan kashi 7 cikin miliyan na daƙiƙa a kullum, nisansu da ƙasa kuma yana gaggauta shi da kusan 45, kuma dole a gyara wannan kafin taswira ta nuna daidai.

Saura ɗaya ban warware ba. Wannan jinkirin, "miƙewar lokaci" za mu ce ko "jinkirin agogo"? Na biyun ya fi sauƙi, amma ina tsoron yara su ce batir ne ya yi sanyi. Ranar Litinin zan shiga ajin, duk mai shawara ya kawo kafin nan.